Filin Tambayoyin Masu Mota: Ƙarar Titi Ta Hana Ni Jin Sautin Motata

Saƙonnin wannan makon kusan duk sun faɗa kan abu ɗaya ne, masu ƙananan motocin gudu ɗin nan masu ƙofa biyu suna kuka da ƙara da kuma sauti, don haka na haɗa su wuri guda. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne ina zaune a Agege, kusan kullum sai na bi gadar Third Mainland zuwa Ailan. Kwanaki na sayi Nissan 370Z tokumbo ƙirar 2012, wallahi motar ta yi, ga kyau ga gudu, amma da zarar na wuce 80 sai cikinta ya cika da wani irin rugugi daga baya, ko karatu na saka ko labarai sai na ƙure murya kafin in ji, amsa waya kuwa ba a magana, wanda ke gefena ma sai mun riƙa ɗaga murya. Wani yaro mai haɗa sauti yace in kawo kuɗi ya sa min babbar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da wufa biyu (manyan sifikun bes) a but wai sautin zai danne ƙarar. In ba shi ne ko akwai wata dabara? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Kar ka ba shi tukuna. Ba wai yaron maƙaryaci bane, abin da yake sayarwa ne yake tallatawa, amma lissafin bai fita ba. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, misali daga wat 50 zuwa wat 100, abin da zaka samu ƙarin desibel 3 ne kacal (desibel shine ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma kunnen mutum sai an ƙara wajen desibel 10 yake jin abu ya ninka. To kaga in ka iya rage ƙarar cikin motar da desibel 3 ɗin nan daidai yake da ka ninka amfilifaya, kuma kunnenka ya huta. Shi kuwa tsarin yaron, ƙara ce kan ƙara, kana zaune cikin ɗan akwati mai kujera biyu kana shan rugugin taya da rugugin wufa a tare, alhali masana lafiyar kunne sun daɗe suna cewa desibel 85 na tsawon awa 8 a rana ya isa ya fara cin jin mutum.

Ita 370Z dama an santa da wannan halin tun fitowarta a 2009. Babu bango tsakaninka da but, tayoyin baya suna nan dab da bayan kujerarka, ga su da faɗi, mai rim 19 ɗin tayar bayanta 275 ce, kuma kamfanin bai zuba abin tare ƙara da yawa ba don kar motar ta yi nauyi. Su kansu Nissan sai a ƙirar 2016 suka saka na'urar kashe ƙara a masu sautin kamfanin Bose, wato sun san da maganar. Saboda haka ba lallai motarka ce ta lalace ba. Amma fa kafin ka sayi komai sai ka tabbatar da hakan, don a Legas ɗin nan rabin ƙarar da mutane ke son rufewa da soso gyara take nema.

Fara da taya. Duba gefenta zakaga rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta, in kaga 2319 to sati na 23 ne a 2019. Tokumbo sau da yawa da tayoyin da ta sha rana da su a can da cikin kwantena take zuwa, robar ta ƙeƙashe, taya in ta bushe kuwa ƙararta daban ce. Sannan ka shafa tafin hannunka a kan tayar, in kaji ta ci gefe ɗaya ko tana da tudu da kwari kamar haƙoran zarto, to alaimen ne ko shok, kuma irin wannan tayar tana wani ƙugi da ko me ka manna a motar ba zai tafi ba. Sai iska. Masu facinmu Allah ya saka musu amma da yawansu 45 ko 50 suke bugawa kowace taya, wai don ta daɗe, alhali adadin da kamfani ya ce yana nan rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, yawancin irin waɗannan motocin talatin da ɗan wani abu ne. Rage iskar zuwa abin da aka rubuta kawai zakaji bambanci a gaɓoɓin gadar nan da kake bi, kuma ko sisi baka kashe ba.

Na biyu boris ɗin ƙafa. Ka samu inda titi ya buɗe da sassafe, ka ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama a hankali, in ƙugin yana ƙaruwa a gefe ɗaya ya ragu a ɗayan to boris ne, a canza shi. In kuma ƙarar tana bin totur ne ba gudun motar ba, wato tana zuwa in injin yana juyawa wajen sau 2,000 zuwa 2,500 a minti ta tafi in ka canza giya, to salansa ce, wataƙila wanda ya riƙe motar a Amurka ya cire ta kamfani ya sa mai kuka, samarin can suna son haka. In fito kake ji a saman gilashi wannan iska ce, robar ƙofa ta saki. Ka kuma lura da irin titin, hanyar Apapa zuwa Oshodi da aka zuba da kankare tafi kwalta ƙara, haka titunan intalok na cikin Lekki, wannan ba laifin motar bane.

To in duk waɗannan lafiya lau, yanzu ne za a zo maganar shimfiɗe motar, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗi don sun ɗauka abu ɗaya ne ake mannawa shikenan. Aiki uku ne daban daban.

Na farko shine tabarmar butil mai fuskar alminiyom, irin su Dynamat da Noico da Kilmat da STP, kaurinta wajen milimita 2. Ita aikinta hana ƙarfen motar karkarwa ne. Ka ɗauki kalangu, in ka buga yana amo, in ka ɗora yatsa kan fatar amon ya mutu, to abin da take yi ma ƙofa da ƙasan but kenan. Kuma kamar yadda ba sai ka rufe fatar duka da hannu ba, ita ma ba sai an lulluɓe ko'ina ba, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na tsakiyar faffaɗan ƙarfe ya wadatar. Hotunan da kake gani a intanet an mayar da cikin mota azurfa tun daga rufi har ƙasa, kyau ne a ido da kuma sayar da kaya. Ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, inda ya yi amo a manna, inda yake da lanƙwasa ko ƙarfe biyu dama ba ya amo a barshi. Sai dai a goge wurin tas babu ƙura babu maiƙo, kuma a bi ta da rola a danne sosai, in akwai iska a ƙarƙashinta bata aiki.

Amma ita kaɗai bata tare ƙarar taya, wannan shine abin da masu mannawa basa faɗa. Ƙarar da ke ratsowa ta iska nauyi ne ke tare ta, shi yasa ake da wata baƙar roba mai nauyi da ake kira MLV, wajen kilo 5 a kowace murabba'in mita, ita ake shimfiɗawa a ƙasan but da kan ramukan tayoyin baya da bayan kujeru, kuma ita kam dole a rufe ko'ina a haɗe bakinta da tef, don ƙara ta ƙaramar kafa take shigowa. Tsakaninta da ƙarfen kuma a sa soso siriri mai rufaffen ƙwaya wanda baya shan ruwa, don kar ta zauna kan ƙarfen kai tsaye. Butil, soso, sannan roba mai nauyi, a jere haka. A motarka ni da baya zan fara, but da ramin safaya da saman tayoyin baya, don daga nan kashi mafi yawa yake zuwa, sannan ƙofofi, ƙasan ƙafa kuwa sai an cire kujeru da kafet, aikin yini guda ne, ka bari sai kaji sakamakon na baya. Rufi ma bana ganin ya cancanci wahalar sai in ƙarar ruwan sama ce ke damunka.

Abu ɗaya dai Alhaji, ko ka yi duk wannan 370Z ba zata koma Lexus ba. Zaka iya hira ba ihu, zaka ji karatunka a rabin murya, iyakarta kenan, kuma a ganina hakan ya isa, wanda ya sayi motar gudu ai yana son ya ɗan ji titi.

Bayan nan sai sauti. Ka tuƙa ta sati biyu tukuna, mutane da yawa a nan suke fasa sayen komai. In har yanzu bai maka ba to sifikun gaba zaka fara canzawa, ka nemi masu rabe, wato babbar inci 6.5 a ƙofa ƙaramar twita a sama kusa da gilashi, saboda murya ta taso gabanka maimakon ta fito daga wajen gwiwarka. Rediyon mota da ake rubuta ma 50 sau 4 a gaskiya wat 15 zuwa 20 yake bayarwa a kowace sifika, don haka ƙaramar amfilifaya mai layi huɗu, irin Class D da bata zafi sosai kuma tana shiga bayan kujera, mai bada wat 50 zuwa 75 a kowane layi, ta wadatar. Lambar RMS zaka duba, wato ainihin ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, wancan 3000W da ake bugawa da jan rubutu a kwali ba a lissafi da shi. Wufa kuwa ɗaya tak mai inci 8 ko 10 a rufaffen akwati ta ishi mota mai kujera biyu, wufa biyu manya zasu cinye but ɗin da dama jaka biyu yake ɗauka. In taka mai Bose ce ka sani tana da tata amfilifayar da wufa a ramin safaya, kuma sifikunta ba irin na kasuwa masu om 4 bane (om shine ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), baka cire ɗaya ka sa wata haka kawai, sai dai a canza tsarin gaba ɗaya ko a sa na'urar DSP ta karɓi sautin ta gyara.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tawa Mustang ce 2017 mai ƙaramin injin EcoBoost, ƙanena ya kai ta aka sa mata wufa, tun daga ranar in na tada ta sai wani gurnani ya riƙa fitowa daga but ko da rediyon a kashe yake, in na taka totur ya ƙaru, in na buɗe ƙofa kuma ya yi shiru. Mai haɗin ya canza wufar har ya canza amfilifaya abu ɗaya, yanzu cewa yake wai injin ne. Daga wata mai karatu a Lekki.

AMSA: Hajiya injinki lafiyarsa lau, kuma wufar ma lafiyarta lau. Mustang mai silinda 4 ɗin nan tun daga ƙirar 2015 tana zuwa da na'urar kashe ƙara, akwai ƙananan makirfo a jikin rufin ciki suna sauraron rugugin injin, sai kwamfutar sautin ta fitar da kishiyarsa ta sifiku don su kashe juna. An auna abin ne daidai da sifikun kamfani. Da mai haɗin ya jawo sauti daga wayar sifikun baya ya kai ma sabuwar amfilifaya, sai ya kwaso har da wannan siginar, wufa ta ƙara mata ƙarfi, makirfo ya sake ji ya sake turo gyara, shine gurnanin da kike ji. Shirun da yake yi in kin buɗe ƙofa ma shaida ce, na'urar ce ke tsayawa. Maganin shine a kashe na'urar, ko dai da kwamfuta ta manhajar FORScan da masu duba motocin Ford ke amfani da ita, ko a cire haɗin makirfon. Ni na fi son ta kwamfuta don ana iya mayarwa ranar da zaki sayar, kuma ki gaya ma wanda zai yi kar ya taɓa makirfon amsa waya, shi daban ne. Masu sabbin Honda da wasu motocin Amurka ma haka suke fama, duk wanda zai sa wufa a mota ta bayan nan ya fara tambaya ko tana da wannan na'urar.

TAMBAYA: Oga ni Scion FR-S gareni, kuɗina bai kai na Dynamat ba, wani a kasuwar kayan mota ta Ladipo yace in sayi baƙar tabarmar kwalta da ake liƙe rufin kwano da ita wai duk ɗaya ne, in ƙara da katifar soso a ƙarƙashin kafet. Ya kake gani? Daga wani ɗalibi a Idi-Araba.

AMSA: Ƙanena arha bata ado. A ido suna kama, baƙi ne da fuskar azurfa, amma ta rufin kwano kwalta ce, ka ajiye mota a rana a Legas cikin watan Fabrairu ko Maris ƙarfen ƙofar ya ɗau zafi, zata yi laushi ta zame ta taru a ƙasan ƙofa, wani lokaci ta kama gilashi, ga warin da in ya shiga kujeru ya zauna kenan. Katifar soso kuma ruwa take sha, damina ɗaya ka ratsa ambaliya ko ruwa ya ɗiga ta robar ƙofa, zata riƙe shi ƙarƙashin kafet, daga nan sai wari sai tsatsa. In kuɗi ne matsalar sayi butil na gaske kaɗan, Noico da Kilmat sun fi Dynamat sauƙi, ka yi ƙofofi biyu da ƙasan but kawai tunda dama ba a buƙatar rufe ko'ina. Wajen ƙofa a kula da ƙananan ramukan da ke ƙasanta, ta nan ruwan sama ke fita, in aka toshe su ƙofar ta zama tanki, a kuma mayar da ledar da ke bayan murfin yadda take, kuma duk wata na'ura mai waya da aka gani manne a ciki a barta, wasu motocin firikwensin jakar iska ta gefe a cikin ƙofa yake.

Ga wata kyauta kuma tunda FR-S ce. Ita da Toyota 86 da Subaru BRZ na farko, waɗanda suka fara fita a 2012, mota ɗaya ce, kuma kamfani da gangan ya jawo wani bututu daga hanyar shaƙar iskar injin zuwa wajen ƙafar fasinja don kaji kukan injin a ciki. Ana toshe bakinsa da ɗan murfin roba, aikin mintuna kaɗan, baya taɓa lafiyar injin, kuma cikin motar zai lafa sosai in kana taka totur.

TAMBAYA: Salam. Bayan an haɗa min amfilifaya a Camaro sai nake jin wani siririn fito a sifiku yana tashi yana sauka tare da injin, sannan da daddare in bes ya buga fitilun gaba suna lumshewa. Batir ne zan ƙara? Daga wani direba a Mile 12.

AMSA: Ɗan uwa ba batir bane tukuna, wayarin ne. Fiton nan kukan altaneta ne ya samu hanyar shiga sauti, kuma kusan kullum wayar negetif ce aka ɗaura a kan fenti ko a wani ƙaramin noti mai tsatsa. A kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tam, wayar ta zama gajera kuma kaurinta ɗaya da ta wuta. Sannan wayar sigina kar ta bi gefe ɗaya da wayar wuta, ɗaya ta bi hagu ɗaya dama. Sai a duba maɓallin gen na jikin amfilifaya, yaran da yawa suna murɗa shi ƙarshe don mai mota yaji ƙarfi ya biya, alhali shi daidaita sigina yake yi, in ya wuce kima shi ke jawo fito kuma shi ke ƙona twita.

Lumshewar fitila kuwa ka sa rewaya ya yanke bakin wayar wutar ka gani da idonka. In cikinta fari ne an shafa mata ja a sama to alminiyom ce, irin ta ta cika kasuwa, tana da kauri a roba amma bata ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, kuma iskar gishirin Legas tana cinye ta da wuri. A sa ta jan ƙarfe mai kaurin lamba 4 in amfilifayar babba ce. A auna caji kuma injin na aiki, ya kamata a ga wajen bolt 13.5 zuwa 14.5, in bai kai ba altaneta ce ko bel. Abin da zan roƙe ka ka duba yau ɗin nan kafin komai shine fiyus, dole a samu ɗaya a kan wayar wutar kusa da batir, kar ya wuce santimita 45 daga kan batirin, don fiyus ɗin jikin amfilifaya ita kaɗai yake karewa, in wayar ta goge da ƙarfe a hanya babu abin da zai yanke wutar kuma a ƙarƙashin kafet take. A Camaro ƙirar 2010 zuwa sama batirin a but yake, don haka wayar ma gajera ce, babu dalilin da zai sa a tsallake shi.

TAMBAYA: Duk wannan shimfiɗar ba zata sa mota ta yi nauyi ta rage gudu ba? Daga wani mai BMW Z4 a Obalende.

AMSA: Zata ƙara nauyi kam, robar MLV ce mai nauyin, in ka shimfiɗa murabba'in mita 3 kilo 15 kenan, butil ɗin ya ƙara wasu 'yan kilo, duka dai basu kai rabin nauyin fasinja ɗaya ba, a gosulon Ikorodu Road ba zaka taɓa ji ba. Amma Yallaɓai kai naka ma ba daga nan zaka fara ba, yawancin Z4 da tayoyin ranfilat suke zuwa, waɗanda ake iya tafiya da su ko sun sace, gefensu tauri gareshi shi yasa kowane rami kake jinsa a ƙugu da kunne. Masu ita da yawa suna komawa taya ta gama gari su ji motar ta yi laushi ta yi shiru, sai dai babu safaya a motar, don haka ka ajiye ɗan famfon iska mai jona wuta da kayan faci a but. In mai rufin yadi ce kuma ƙarar da ke shigowa ta sama babu abin da za a manna ya tare ta, a shafa ma robobin rufin man silikon su yi laushi su kama gilashi da kyau, sauran kuɗin ka sa su a sifikun gaba.